Kunyar Malama Tsawa

"Malama, don Allah ki kai mana dutsen nan duniyar wata mu gani..."

Muryar Malamar Bayoloji ce ta taso daga layin gaba, a sanyaye, har da ɗan murmushi, kamar mai neman alfarma.

Malama Tsawa ta tsaya cak, hannunta a kan linzamin kwamfuta. A bayanta majigi na haska aikin da ta gama gabatarwa a jikin farin bango: ɗan dutse ana cilla shi sama, ya lanƙwaso, ya dawo ƙasa, lambobi na gudu a gefe suna nuna saurinsa. Yanzun nan malaman da suka cika ɗakin bitar suka gama tafa mata.

"Ai ba wani abu ba ne," Malamar Bayoloji ta ƙara, tana gyara zaman agogonta. "Ƙarfin jan ƙasa kawai za ki rage. Layi ɗaya ne... tunda ke kika rubuta."

Tunda ke kika rubuta!

Ta buɗe shafin umarnin manhajar. Layuka suka zubo a bango kamar jerin tururuwa. Ta ja sama. Ta ja ƙasa. Ta san adadin ƙarfin jan wata kamar yadda ta san tafin hannunta, shekara da shekaru tana koyar da shi. Inda za ta sa shi ne ba ta sani ba.



Ta saci kallon Injiniya, mai koyar da su. Ba ita yake kallo ba. Bangon yake kallo, yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na canzawa a hankali kamar wanda ya ga takalminsa a ƙafar wani.

"Lokaci ya tafi," ya ce da sauri. "Mu ba wa na gaba dama..."

"Haba Injiniya! Kowa fa an yi masa tambaya," in ji Malamar Bayoloji.

Malama Tsawa ta runtse ido ta goge wani abu, ta rubuta wani, ta danna.

Dutsen ya ɓace. Jan rubutu ya cika bango.

Wani ya yi tari don ya haɗiye dariya. Wata ta kasa haɗiye tata.

Ba ta san lokacin da ta suri jakarta ba. Ba ta ɗauki laftof ɗin ba, ba ta dubi kowa ba, ta dai ji takalminta na ƙara a kan siminti, da muryarsa a bayanta.

"Malama! Malama...! Anti!"

Wannan "Anti" ɗin ne ya ƙarasa ta.

*

Ɗalibanta ne suka sa mata Tsawa, sunan kuma ya bi ta har ofishin malamai. Idan ta shigo aji, ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya gifta. Fiziks take koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma ba a taɓa jin ta ce "ban sani ba". Tun da aurenta na fari ya mutu ta dawo ɗakin Umma, ta tattara duk abin da ya rage mata na taƙama ta zuba a kan alli da allo. A can ne kawai ba mai kallonta da tausayi.

Sai ga wannan bita ta hutun zango: a koya wa malaman kimiyya rubuta ƙananan manhajoji, don yara su riƙa ganin abin da ake karanta musu yana motsi a gabansu. Makarantarsu ita ta tura, don a ganinsu wa ya fi ta?

Ranar farko ta shiga ɗakin da ƙafar dama, ta zauna a gaba. Mai koyarwar ya juyo daga allo.

Dogo!

Dogo abokin Auta, ƙaninta. Dogo da ke zuwa gidansu da wando ɗangalalle, yana cin abinci kwano ɗaya da Auta. Dogo da ya faɗi Fiziks har sau biyu, ta zaunar da shi a barandar Umma tana ƙwanƙwasa masa rula a ka tana cewa, "Kai wai kanka dutse ne?" Ya tafi karatu ya daɗe, ta ji labarinsa sama-sama. Yanzu ga shi da gemu da gilashi da wata nutsuwa da ba ta san inda ya samo ta ba, ana ce masa Injiniya.

Ya gaishe ta har da rusunawa a gaban kowa.

Daga ranar komai ya cakuɗe mata. Kwamfuta dama tsoronta take yi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Saƙo a waya da buga jarrabawa, iyakarta ke nan. Idan ya zagayo yana duba aikin kowa, ya sunkuyo kusa da kafaɗarta ya ce, "Akwai matsala, Malama?" sai ƙamshin turarensa ya kwashe ɗan abin da ta fahimta.

"Babu," take cewa, ta rufe fuskar laftof da sauri.

Ta koma gida ta yi ta faɗa da zuciyarta. Ke! Yaron da kika girma! Yaron da kika aika sayen sabulu!

Malamar Bayoloji, wadda ke zaune kusa da ita, duk tana gani. Budurwa ce 'yar gayu, mai saurin hannu a kan madannai, kuma tun ranar farko ta sa wa Injiniya ido. Ta ga shafin Malama Tsawa fayau ba komai. Ta kuma ga inda idon Injiniya ke sauka idan ya ɗauka ba mai kallonsa.

*

"Auta! Fito nan!" ta ƙwala kira tana shiga gida daga wurin bitar.

Ya fito daga ɗakinsa da waya a hannu, ya ga idanunta, ya ja da baya.

"Anti lafiya?"

"Aikin da ka ba ni. Kai ka rubuta shi?"

"Eh... wato... kusan..."

"Kusan me? Ba kai ka ce min kwamfuta a tafin hannunka take ba?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi na gwada, Anti, abin ya ƙi. Ga ki kin ce gobe-gobe. Shi ne na ce bari in nemi wanda ya iya, na ce masa nawa ne, wani kwas nake yi..."

"Wa ka nema?"

Ya mayar da idonsa kan wayarsa.

"Auta, wa ka nema?"

"Dogo."

Ta zauna a bakin baranda, ta ɗora hannu biyu a ka.

Aikinsa! Aikin da ya rubuta da hannunsa ta ɗauka ta kai gabansa, ta tsaya ta buɗe baki tana bayani da gadara, har ana tafa mata. Ɓarawon da ya kai kayan sata kasuwa ya tallata wa mai kayan!

"Ai ban san shi ne malaminku ba! Ba ki taɓa faɗa ba!"

Gaskiyarsa. Ba ta taɓa faɗa ba. Ko sunansa ba ta yarda ya fito daga bakinta a gidan ba, don kada Umma ta ji yadda muryarta ke rawa.

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Wai wa ya mutu ne?"

"Ni ce, Umma," ta ce, hawaye na zuba. "Ni ce na mutu."

Bayan la'asar aka yi sallama. Ta gane muryar tun daga zaure, ta ruga ɗaki ta turo ƙofa.

"Ki fito mana, Dogo ne ya kawo miki na'urarki," in ji Umma. "Yau kuma Dogo ake wa ɓuya? Ikon Allah!"

Dole ta fito. Ta zauna a can ƙarshen kujerar falo, ta ja mayafi har goshi, idonta a kan ƙafar tebur. Ya ajiye laftof ɗin a tsakaninsu.

"Anti..."

"Idan dariya ka zo yi, yi ka tafi."

"Kin ga alamar dariya a fuskata?"

Ba ta duba ba.

"Abu ɗaya ne ya yi min ciwo," ya ce a hankali. "Kullum sai na zo kanki na tambaya ko akwai matsala. Kullum. Me ya sa ba ki taɓa cewa akwai ba?"

"In ce maka me? In ce ni da na koya maka... ni da na ce kanka dutse ne... in ce ban gane komai ba? Tun daga darasin farko ban gane ba, Dogo! Kana magana ina jin kamar ruwa ake zubawa a kwando!"

"To sai me? Ni sau nawa na ce miki ban gane ba a barandar can? Kin kore ni?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin?"

Bambancin ba ya faɗuwa.

Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar.

"Bari in gaya miki abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ba nan aka tura ni ba. Da na ga makarantarku na cikin waɗanda za su zo wannan cibiyar, ni na roƙa aka musanya min. Na san ke za su turo."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Tun ina zaune a barandar can nake... ban san sunan abin ba a lokacin. Da aka yi bikinki ni na jera kujeru, na koma gida na kwanta zazzaɓi. Yanzu na girma, na san sunansa. Ina son ki. Aure nake nufi."

"Dogo!" Ta miƙe zumbur. "Ka san da wa kake magana? Ni fa yayarka ce!"

"Yayar Auta ce ke."

"Na girme ka!"

"Na sani. Na iya lissafi yanzu, ke kika koya min."

"Bazawara ce ni... kuma yau ka ga ko wace ce ni. Mai satar aiki!"

"Na ga wadda tsoro ya kama. Ita nake so, da tsoron nata da komai."

Ƙarar faranti ta katse su. Umma ce a bakin labule da tiren shayi, baki buɗe. Ta dire tiren a ƙasa.

"Dogo, tashi ka tafi gida, ka gaida Hajiyarka." Sai da ya fita ta juyo. "Ke kuma, kada in sake in ji. Yaron da na yi wa wankin riga tare da na Auta? Da wane ido zan kalli uwarsa? A ce mun rasa inda za mu kai ki sai muka tare ɗan mutane? Kunyar da muka sha a baya ta isa!"

"Umma ni ban ce..."

"Ba ki ce ba. Fuskarki ta ce."

*

Ta yi niyyar ba za ta sake taka wurin bitar ba har abada. Da safe Auta ya shigo ɗakinta ba ko sallama.

"Anti, an dakatar da Dogo!"

"An me?"

"Wata malama ta kai ƙara wurin shugabar bita. Wai shi ya rubuta miki aikin a ɓoye saboda budurwarsa ce ke, har ta nuna yadda jerin layukan ya yi daidai da misalan da yake ba ku. An tambaye shi, ya ce eh, shi ya rubuta, ya ƙi ƙara komai. Wai idan ya yi bayani ke za a tozarta. Anti, aikinsa fa zai tafi!"

Ta tashi ta ɗauki mayafi.

Ofishin shugabar ƙarami ne, fanka na juyi a sama tana kaɗa labule. Shugabar dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi. Malamar Bayoloji na zaune a gefe ta harɗe ƙafa. Dogo na tsaye jikin taga. Da ya gan ta ya girgiza kai, alamar kada ta yi.

"Ranki ya daɗe, bai sani ba," ta ce. "Ƙanina na sa ya yi min aikin. Ƙanina ya kasa, ya je ya yaudare shi ya ce nasa ne. Injiniya bai san aikin zai zo hannuna ba sai da ya gan shi a bango. Ga ƙanin nawa a waje, a tambaye shi. Laifin nawa ne ni kaɗai."

"Ai dole ta kare shi!" in ji Malamar Bayoloji.

"Malama, na ji naki jiya," shugabar ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Je ki aji."

Ta fita tana buga ƙafa.

Shugabar ta kira Auta ta yi masa tambayoyi, ta duba saƙonnin da ke wayarsa, ta sallame shi. Sannan ta zuba wa Malama Tsawa ido.

"Na san labarinki. An ce babu kamarki a Fiziks. Idan ɗalibarki ta yi abin da kika yi, me za ki yi mata?"

"Sifiri... da kiran iyayenta."

"To me ya kai ki? Bitar nan don waɗanda ba su iya ba aka shirya ta. Me ya hana ki ɗaga hannu?"

"Kunya, ranki ya daɗe. Ban so a ga ban iya ba."

"A gani... ko ya gani?"

Ƙasa ta ƙi tsagewa. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi kamar an kara musu garwashi.

"Ya gani," ta ce, da ƙyar aka ji.

Shugabar ta yi gyaran murya, ta shiga gyara biro a tebur don ta ɓoye bakinta.

"Injiniya, koma bakin aikinka. Ke kuma ba takardar shaida a wannan zagayen. Idan kina so, ki dawo da rukuni na gaba ki fara daga tushe, a hannun wata malamar daban. Kuma sai na sanar da shugaban makarantarku."

"Na yarda. Alfarma ɗaya nake nema... a bar ni in shiga ajin."

Ɗakin ya yi tsit da ta shigo. Ta tsaya a daidai inda ta tsaya jiya, ba majigi, ba komai, sai ita.

"Aikin da kuka tafa min jiya ba nawa ba ne. Ban iya ba. Tun ranar farko ban gane komai ba, na ji kunyar faɗa. Ku yafe min, na ci amanar tafinku."



Can baya, wani dattijo malamin Kemistiri mai farin gemu ya miƙe a hankali yana dafa tebur.

"'Yata, tunda kin buɗe ƙofa bari mu bi. Nawa ma jikata ce ta yi min rabi. Ni har yau ban san abin da ya sa waƙafi ɗaya ke rushe aiki gaba ɗaya ba!"

Dariya ta ɓarke, amma ba irin ta jiya ba. Hannu ya tashi a nan, wani a can. "Injiniya, ni ma darasi na uku ya wuce ni." "Ni tun na biyu!" Dogo ya tsaya yana kallonsu, shi ma kunya ta kama shi.

"Ashe gudu nake yi ni kaɗai," ya ce. "Ku yi haƙuri. Mu koma baya."

Ita kam ta sulale ta fice, ba ta jira ya juyo ba.

*

Shugaban makarantarsu ya kira ta ofis ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba. Labari ya zaga cikin malaman makarantar tun hutu bai ƙare ba; duk inda ta tarar da su sai hira ta mutu. Ta shanye. Ta koma rukuni na biyu ta zauna a layin gaba, ta zama mai tambayar da ta fi kowa yawa, har malamar tasu kan ce, "Bari mu ji ta bakin Malama kafin mu wuce."

Dogo ya yi ta kira, ba ta ɗauka.

Ranar da manhajarta ta farko ta yi aiki, abu ne ɗan ƙarami: a ba ta ƙarfin batir da juriyar wayar lantarki, ta faɗi yawan lantarkin da zai bi, ɗan ƙwan fitila a fuskar kwamfuta ya ƙara haske ko ya dushe. Mummuna ce, layukanta a karkace. Amma ta san gidan kowane harafi a ciki. Ta yi ihu a tsakiyar aji kamar yarinya, kafin ta ankara yatsanta ya danna lambarsa.

"Ya kama! Dogo, fitilar ta kama!"

"Alhamdulillah..." Ta ji murmushinsa ta cikin waya. "Tawa fitilar fa, hasken idona? Sai yaushe?"

"Ka daina..."

"Ki ce ba kya so na, in daina."

Ta kashe wayar ta rungume ta a ƙirji.

A makon ne Hajiyarsa ta zo gidan. Daga kicin Malama Tsawa ta ji komai, tana riƙe da butar shayi.

"Zumuncinmu ya fi ƙarfin wannan, shi ya sa na zo da kaina. Yaron nan ya birkice min. Ki ja wa 'yarki kunne. Ɗana saurayi ne, ko auren fari bai yi ba. Ita kuwa ta girme shi, ta shiga wani gida ta fito... kuma har wata malama ta zo ta ba ni labarin abin da ta yi a wurin aikinsa. Mai neman miji ta nemi daidai da ita."

Ta jira ta ji Umma ta ba da haƙuri.

"Hajiya," muryar Umma ta fito a dake, "ni na fara hana maganar nan, tun kafin ki ji ta. Amma 'yata ba ragowar kasuwa ba ce. Ba ita ta bi ɗanki ba, shi ya tako har falon nan. Abin da ta yi kuwa, da ƙafarta ta je ta wanke shi a gaban jama'a. Ki sha shayinki."

Hajiya ba ta sha ba.

Da ta tafi, Umma ta shigo kicin ta tarar da ita durƙushe tana kuka ba sauti. Ta tsuguna ta ɗago haɓarta.

"Dube ni. Kina son sa?"

Ta cusa fuska a zanin Umma.

"Na ji amsa," in ji Umma, ta sauke ajiyar zuciya. "Ni kunyar mutane nake ji, na manta ke ce za ki kwana da zuciyarki. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Washegari Dogo ya tare ta a bakin cibiyar, idanunsa jajur.

"Na yi magana da Baffa, ya ce zai tsaya min. Za a ɗaura ko Hajiya ba ta so. Daga baya za ta huce."

"A'a."

"Rabin raina..."

"Na ce a'a! Na taɓa ɗaukar abin da ba a ba ni ba, ka ga yadda ta ƙare. Ba zan ɗauke ka ta bayan gida ba. Uwa ɗaya gare ka, Dogo. Idan ba ta ba ni kai da hannunta ba, na haƙura."

"Ko da zan mutu?"

"Ba za ka mutu ba." Ta juya don kada ya ga idonta. "Ni ce dai ban sani ba..."

*

An koma makaranta. Wata safiya tana ɗakin gwaje-gwaje da 'yan aji biyar, sun yi cincirindo a kan kwamfutoci ukun da makarantar ke da su, suna canza lambobi suna ihu idan fitila ta yi haske, sai ta hangi mutum zaune a benci a bakin ƙofa.

Hajiya.

Ta ƙarasa darasin da ƙyar. Da yaran suka watse ta zo ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya ina kwana."

"Tashi, kada ki ɓata kayanki." Hajiya ta gyara zama. "Ya gaya min abin da suka ƙulla da baffansa. Ni ina zaune, da sai dai in ji a bakin mutane an ɗaura wa ɗana aure. Ya ce ke kika hana."

Malama Tsawa ta sunkuyar da kai.

"Waccan mai kawo min labari kullum tana gidana da turare da daɗin baki. Da ita aka yi wa wannan tayin, da tuni an shafa fatiha." Ta gyara mayafinta. "Na faɗi magana a falon Ummanki wadda ba ta dace da shekaruna ba. Tun ranar ban iya haɗa ido da kaina a madubi."

"Hajiya don Allah ki daina, ni 'yarki ce..."

"To 'yata, ki ce wa Ummanki gobe ina tafe. Ta dafa shayin nan, wannan karon zan sha."

Ba a ja lokaci ba. Auta ya fi kowa rawar kai a bikin, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya haɗa auren, har sai da Umma ta jefe shi da takalmi.

Ranar da ta koma aiki bayan biki, ta roƙi Dogo ya sauke ta a kwanar baya.

"A kan me? Sato ki na yi?"

"Yara za su gani!"

"Su gani mana."

Ya tsayar da mota a daidai bakin get, lokacin da 'yan mata ke tururuwar shiga. Ya fito ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya miƙa mata jakar laftof da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A dawo lafiya, amaryata!"

Get ɗin ya kaure. Tafi, guɗa, tsalle, har mai gadi ya ajiye sandarsa yana dariya.

Ta haɗe gira ta buɗe baki za ta daka musu tsawar da suka sani.

Ba abin da ya fito.

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa ta tsakiyarsu da sauri-sauri, kafaɗunta na rawa saboda dariya, yaran na biye da ita har ƙofar aji.